Shigar Gawa Don Hoton Rai

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Shekara uku kawai na yi a makaranta, hannuna kuma bai saba da alƙalami ba. Amma abin ya ƙi barin raina.

Kwana biyu kafin yayana Genkichi ya hau jirgin ruwa zuwa Hokkaido neman ƙasar noma, ya ce ba abin da yake so ya tafi da shi sai hoton Inna. Muka hau tudu mu uku zuwa shagon Tsunezo mai hoto, a nan Nagasaki.

Tsunezo ya dubi kimonon Inna, doguwar rigar nan tamu mai naɗi da ɗamara, ya ce, "Iya, sai kin sake naɗi. Gilashin da nake ɗaukar hoto a kai juya abu yake yi, dama ta koma hagu. Ki ɗora ɓangaren dama a kan na hagu."

Inna ta dafe ƙirji. Gawa kaɗai ake yi wa wannan naɗi. Haka muka naɗe Baba bara.

"Da raina za ka yi mini shigar kabari? Kai ko uwarka za ka ce wa haka?"

"Na ce mata, Iya. Ta jefe ni da takalmi. To amma in kin zauna yadda kike, a hoton ne za ki fito gawa, shi kuma ɗanki zai riƙa kallo kullum."

Yaya ya ce, "Inna, a bar shi. Ai ba zan manta fuskarki ba."

"Rufe mini baki. Kai da ke manta hularka a kanka?"

Ta shiga bayan labule, na bi ta. Ta kwance ɗamara, amma hannunta ya ƙi yin naɗin. Ta ce a hankali, "Shino, ke kika naɗe babanku. Zo ki yi."

Yatsuna ba su manta ba. Sai dai wannan jikin da ɗuminsa, ina jin bugun zuciyarta ta cikin rigar. Da na gama, na kwance tawa ɗamarar, na juya nawa naɗin.

"Ke kuma fa?"

"Ba za ki zauna haka ke kaɗai ba."

Tsunezo ya tallafe mana ƙeya da ƙarfe, ya ce kada mu motsa sai ya ƙirga talatin. Inna ta riƙe hannuna a cikin hannun riga har ya yi tsami.

Da ya fito da gilashin daga ɗakin duhu, ga mu nan, naɗinmu daidai, irin na masu rai. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe haka na tsufa, ba wanda ya gaya mini?"

Washegari da safe na yanki ƙyalle daga tsohon kimononta, na ɗinka wa ɗan akwatin da aka sa hoton jaka mai auduga a ciki, don kada girgizar jirgi ta fasa shi.