Cikin da Ya Kwanta

Ungozomar asibiti ta sake zagawa da na'urar hoto a kan marar Rahina, ta ƙura wa allon ido. Rahina kuwa rawar ɗari take yi cikin zane biyu, a watan da zafin Malanville ke hana kowa sakat.

Shekara tara da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Sai bara jinin wata ya ɗauke, jiki ya yi nauyi, fuska ta kumbura, barci ya riƙa sace ta a kan buhunan albasa ana tsakiyar ciniki. To wa zai ce ba ciki ba ne? Matan kasuwa suka hana ta ɗaga ko kwando. Da wata tara ya wuce shiru, surukarta Inna Aminatu ta ce ai kwanciya ya yi, ita ma haka ta riƙe cikin Kadiri, mijin Rahina, shekara biyu cur a garinsu Garou. Aka yi ta dafa mata saiwoyi don ya tashi.

Ungozomar ta taɓa mata wuya, ta sa ta haɗiye yawu. Ta tambaye ta tun yaushe gashinta ke zuba, murya ta dushe. Sannan ta ce akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya da ke hura wa jiki wuta, da alama tata ce ta yi sanyi. Za a aika jininta Parakou. In ya tabbata, ƙwaya ce kullum, ƙila har ƙarshen rai.

"To shi yaron hwa?" in ji Rahina.

"Babu yaro, 'yar'uwa. Tun farko babu shi."

Wayyo, wata goma sha huɗu tana yi masa hira, har suna ta raɗa masa a ɓoye. Kuka ya zo mata, amma ko ƙarfin yin sa babu.

A bakin ƙofa Inna Aminatu ta tare ta, tana tambayar ko sun gan shi, ko lafiyarsa lau. Rahina ta buɗe baki, maganar ta yi mata nauyi, ta rufe. Tsohuwar ta ɗauka kunya ce irin ta ɗan fari. Ta yi dariya, ta tsayar da kabu-kabu, ta tallafa mata ta hau.

"Ka tahi sannu," ta ce wa mai babur. "Mutum biyu ka ɗauko."

Da suka zo ramin farko a kan hanya, Rahina ta dafe cikinta.