Kwamiti Yana Son Ganin Fuska

Kwamitin gidan tsofaffin 'yan wasan kwaikwayo na birnin Valparaíso ya tashi daga zamansa ranar Laraba bai ba Eleodoro Quezada ɗaki ba, bai kuma ce ya hana shi ba. Mutum uku ne suka zauna, aka nuna musu fim na minti tara, suka kalle shi sau biyu. A watan Yunin 1946 ne, ana ruwa tun safe.

Shekarun Quezada sittin ba biyu. Yayarsa Clorinda, wadda yake zaune a gidanta a kan tudun Cordillera, ta rasu a watan Afrilu. 'Ya'yanta sun sayar da gidan, mai saye zai karɓi mabuɗi ƙarshen wata. Gidan tsofaffin kuwa a ƙasa yake, kusa da kasuwa, babu matakala, shi kuma gwiwoyinsa sun daina shiri da tudu. Dokar gidan ɗaya ce: mai neman ɗaki ya kawo takardar talla mai sunansa, ko fim mai fuskarsa.

Fim goma sha huɗu ya yi tsakanin 1919 da 1929, zamanin da fim ba ya magana, kuma babu sunansa a takarda ko ɗaya. A na farkon kaɗai aka ɗauki fuskarsa. Ya gaji idanu masu launin shuɗi mai haske daga kakansa, wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Denmark, shi kuwa faifan fim na wancan lokaci ba ya kama shuɗi, fari yake mayar da shi. Ranar da aka fara nunawa, sai ga shi a kan farin ƙyalle ya durƙusa gaban budurwa da idanu fari fat kamar na dafaffen kifi. Sinima ta kaure da dariya. Darakta, Don Amador Lizana, bai kore shi ba. Cewa ya yi, "Kai, Idon Mage, Allah ya ba ka kafaɗu. Juya." Shekara goma ya yi a juye.

Shi ne ɓarawon da ake hango yana gudu, shi ne sojan da ke faɗowa daga kan doki. In tauraron kamfanin fim ɗin, Rodolfo Santelices, ya sha giya ya kasa tashi, sai a sa wa Quezada kwat ɗinsa da hularsa a ɗauke shi ta baya, domin da hasken rana ake aiki, rana kuma ba ta jira. Da fim ya fara magana kamfanin ya rufe, aka sayar da faya-fayan ga wata masana'anta da ke narka su tana yin mataji. Quezada ya sami aikin yankan tikiti a motar da ake ja da igiyar ƙarfe zuwa kan tudu. Shekara goma sha shida ya yi a sunkuye a bakin ƙaramar taga.

Gwangwanin faifai ɗaya ya tsira, a hannun wani mai majigi, Nibaldo, wanda ke nuna fim a zauren coci ranar Lahadi. Shi ya ɗauko injinsa ya kafa a ɗakin cin abinci na gidan tsofaffin, aka rataya zanen gado a bango.

Shugabar kwamitin, Doña Zoila Arancibia, tsohuwar mawaƙiya ce. A damanta akwai Don Belisario Ovalle, wanda ya yi shekara arba'in yana wasan kwaikwayo a dandali, kuma bai taɓa ɗaukar 'yan fim a matsayin 'yan wasa ba. Na ukun likitan gidan ne, yana ta duba agogo.

"Don Eleodoro, zauna mana," in ji Doña Zoila. "Ba kotu ka zo ba."

"Ranki ya daɗe, in na zauna sai an ɗaga ni."

Nibaldo ya kunna inji. Ga wani mutum tsaye a bakin tashar jirgin ruwa, ya ba kyamara baya. Jirgi yana tafiya da wata mace mai farar riga. Mutumin ya cire hula, ya jujjuya ta a hannu sau ɗaya, sannan kafaɗunsa suka sauka, ta hagu tukuna, sai ta dama.

"Ni ne wannan," in ji Quezada.

Don Belisario ya yi dariya har da tari. "Kai ne wa? Bawan Allah, wannan Santelices ne. Sau uku na kalli fim ɗin nan a 1924. Matata ta yi kuka har ta jiƙa mini hannun riga. Duk ƙasar nan ba mai kafaɗun nan sai Santelices, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Amma ranar yana otal ya rungume bokiti yana amai."

"Kun ji shi ko? Ya san mamaci ba ya musu."

"Ko da ransa bai musa ba, Don Belisario. Da jaridu suka yabe shi a kan wannan tsayuwar, sigari ya aiko mini, kwali guda."

"Ina kwalin?"

"Na sha."

Doña Zoila ta ce a maimaita. Ta sa tabarau, ta ja kujera kusa da zanen gadon, ta kalla har ƙarshe. "Ko kunne bai fito ba," ta ce. "Haba Don Eleodoro, da ka ɗan waiwayo mana."

"Da na waiwayo da Don Amador ya jefe ni da kujera. Sau ɗaya ake ɗauka, ranki ya daɗe."

"To yi mana mu gani," in ji Don Belisario. "Ga bango, ga hularka. Jirgi ya tafi da matarka. Bismillah."

Quezada bai manta yadda ake yi ba. Ka riƙe numfashi, ka ƙirga juyi huɗu na hannun da ake juya kyamara da shi, ka saki hagu, ka saki dama. Ya juya ya fuskanci bango, ya cire hula, ya jujjuya ta, ya ƙirga huɗu a zuciyarsa, ya saki. Kafaɗun ba su motsa ba. Sun riga sun sauka tun da daɗewa, babu sauran inda za su. Ya daɗe a tsaye yana kallon wata kalanda da ke rataye a gabansa.

"Hular dai ta yi kama," in ji likita. Maganarsa ke nan a duk zaman.

Doña Zoila ta cire tabarau. Ta ce doka doka ce, amma kwamiti zai karɓi rubutacciyar shaidar wanda aka ɗauki fim ɗin a gabansa. Ta tambayi wa ya rage. Lizana ya mutu a Buenos Aires. Mai farar rigar ma ta mutu. Saura mai ɗaukar hoto, Hermógenes Tapia, wanda ya tafi arewa ya buɗe shagon hoto a garin Iquique.

"In Tapia ya ce kai ne," in ji Don Belisario, "ni da kaina zan hau tudun na ɗauko maka akwati."

"Guda ɗaya ne, ba nauyi."

Za a riƙe ɗakin zuwa ƙarshen wata. Bayan nan sai a ba wani, don akwai mutum biyu da ke jira.

Nibaldo ya naɗe faifan ya mayar cikin gwangwani. Quezada ya sa hula ya fita cikin ruwa, ya nufi tudun, yana hutawa bayan kowace matakala goma.

An jefa wasiƙar neman shaidar Tapia a gidan waya ranar Alhamis. Adireshin da ke kanta daga wani kati aka kwafo shi, wanda Tapia ya aiko a 1935. Har yanzu ba a sami wanda ya san ko Tapia yana da rai ba.