Baitin da Malam Kassimu Ya Kewaye da Alli

A shekarar fari ta tamanin da huɗu aka tara malaman firamare na Isa da Sabon Birni domin kwas ɗin nazarin waƙa, aka turo musu Malam Kassimu daga Sakkwato. Ɗan Gatawa ne, amma shekara uku rabonsa da gida, kuma tun da ya samo digiri yake tafiya kamar ƙasa ta yi masa laifi.

Ilimi kam yana da shi. Ya koya musu ɗango, wato layi ɗaya na waƙa, da baiti, da amsa-amo, wato sautin da baitoci ke ƙarewa da shi, da jigo, abin da waƙa ke magana a kai. Sai ya ce kowa ya kawo rubutacciyar waƙa a feɗe ta a allo.

Malama Zulaihatu, wata dattijuwa mai koyarwa a Gatawa, ta miƙa masa shafi biyu tana murmushi. Waƙar roƙon ruwa ce, kowane baiti na ƙarewa da "wa". Kassimu ya bi ƙarshen baitocin da yatsa, bai damu da abin da suke cewa ba, har ya samu abin da yake farauta. Ya rubuta a allo:

Na ɗebo ruwa da nisa na kawo,
Ban iske mai sha ba, wayyo Fadima.

Ya kewaye sunan da alli. "Kun ga amsa-amo ya karye. Ana roƙon ruwa, shi tsoho budurwatai yaka tunawa. Mai wagga waƙa gara ya koma ga hauya." Aji ya fashe da dariya, shi ma ya ji daɗin kansa.

"Malam," in ji Zulaihatu, "jiya kac ce muna marufi nan ne mai waƙa ka faɗin sunanai. Ba ka juya shafi ba."

Ya juya, ya fara karantawa da ƙarfi, muryarsa na raguwa:

Mai waƙa Jibrilla ne ɗan Sodangi,
Uban Kassimu, mazaunin Gatawa.

Dariya ta ɗauke. Fadima ƙanwarsa ce. Ta rasu a farin saba'in da uku tana shekara biyar, ranar da babansu ya tafi neman ruwa, shi kuwa yana makarantar kwana yana cin tuwo sau biyu a rana. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kai hannu zai goge allon, sai ya ga kowa ya riga ya kwafe baitin a littafi, har da da'irar.

Da aka watse, Zulaihatu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Babanka ya san baitin ya karye," ta ce. "An sha ce mai ya gyara, yac ce ba shi canza ma ɗiyatai suna don waƙa ta yi daɗi. Idonai sun tafi bara, ni na rubuta mai. Da yaj ji kai za ka koya muna, sai yac ce in kawo ma, kai da kay yi karatu, ka duba ko ta yi."

Alli na narkewa cikin gumin tafin Kassimu.

"Jibi za ni gida," ta ce. "Yana nan zaure yana jira. Mi za ni ce mai?"