Tiyon da Ba Ya Ɗauke da Komai

Tsoho mutumin Guci ne, kuma duk wanda ya san shi ya san bakinsa ya fi motarsa sauri. Motar mai shan gazuwal ce, wato man dizal, mai turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, da ita yake kwasar buhunan gyaɗa da wake zuwa kasuwar Dungas. Tun bayan da Maina, yayan matarsa, ya canza mata mai a garejinsa, sai ta soma wani hali. A kan kwalta, in ta ɗau gudu, lafiya lau take. Amma a tashi da kaya, ko a cikin rairayi, ko a ɗan tudu, sai ta riƙa nishi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. Ran nan har amalanken shanu ya wuce shi a hanyar Mallawa, mai amalanken yana yi masa sannu.

Abin ya ci wa Tsoho rai. Bai je ya tambayi Maina ba, sai ya zauna a tasha ya ce ai an cire masa turbo mai kyau an sa masa gajiyayye. Ya faɗa a wurin mai shayi, ya faɗa a wurin awo. Cikin sati biyu direbobin da ke kai wa Maina gyara suka koma Magarya da motocinsu, garejin ya zama wurin kwanan awaki. Maina, mutumin da ya shekara ashirin yana gyara ba a taɓa jin an ce ya ɗauki ko ƙusa ba, ga shi ana nuna shi da baki.

Malam Abdulƙadir, sarkin tasha, shi ya ce maganar ta isa haka. Ranar kasuwa ya sa aka kawo motar gaban jama'a, ya ce Maina ya buɗe kowa ya gani.

Maina bai yi musu ba, bai kuma dubi Tsoho ba. Ya tambaya ko tana hayaƙi, da kuma ko tana samun ƙarfi in injin ya hau sama. Ya ciro matacin iska ya ɗaga shi a rana, ya duba na gazuwal, ya matsa babban tiyon da ke kai iska ko ya tsage. Duk babu laifi. Sai ya shiga bin ƙananan tiyoyin nan sirara da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har hannunsa ya tsaya a bayan injin. Ya jawo wani guntu, ya laluba ya jawo ɗan'uwansa. Tsakaninsu an rasa kusan taƙi guda na tiyon.

Nan take Tsoho ya tuna. Kwana biyu bayan canjin man, waken gonarsa ya kama tsutsa, tiyon famfon feshinsa kuma ya fashe. Ya buɗe gaban motar yana neman abin da zai yi dabara da shi, ya ga wannan siririn, ya zare bakinsa ya busa. Babu ruwa ciki, babu mai, babu gazuwal. Ya ce wannan ai na banza ne, ya sa wuƙa ya yanki abin da zai ishe shi. Motar ta kwana huɗu a ajiye yana feshi, shi kuwa ya manta sarai.

Maina yana yi wa mutane bayani cewa wannan tiyo iska yake zuƙa, kuma zuƙar ce ke jan hannun turbo ya matse hanya, don mota ta sami ƙarfi tun tana tafiya a hankali. Ya juya bakin guntun a hannunsa. Yankan wuƙa ne sumul, makaho ma zai shafa ya gane. Sai a lokacin ya ɗago ya dubi mijin ƙanwarsa, kallo ɗaya, ya jefa guntun a aljihu.

"Ɓera ne," in ji shi. "Mota in tana kwana kusa da rumbu, haka suke yi."

Ya sa sabon tiyo. Aka loda buhu goma, wani direba ya ja ta cikin rairayin bayan tasha, ta fita kamar ba ta ɗauki komai ba. Tsoho ya ji sanyi a ransa, kunya kuma ta biyo baya ta rufe shi, don ya san ya ji daɗin ƙaryar. An ba shi hanya ya wuce da mutuncinsa, kuma ƙafarsa har ta soma bi.

Sai ya ji wani a bayansa yana cewa ƙasa-ƙasa, wane irin ɓera, ai ganin idon jama'a ne ya sa Maina ya mayar da abin da ya cire. Biyu suka yi dariya. Maina ya ji, ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma.

Tsoho ya nufi Malam Abdulƙadir. Ya yi magana a hankali, sai da dattijon ya ce ya ɗaga murya.

"Malam, ba ɓera ba ne. Ni na yanke shi da hannuna, yana nan jikin famfon feshina. Yaya Maina bai ɗauki komai nawa ba."

Malam Abdulƙadir ya dube shi ya ce mu nan mun ji, saura wurin mai shayi, da wurin awo, da direbobin da suka koma Magarya. Tsoho ya ce to, ya fara da mai shayi, da yake shi ya fi kusa.