Wa Ya Rage Rigar Nafissa?

Hajiya Mariyama ba ta yarda da tela ba, ko da cikinsu ɗaya. A ganinta, duk wanda ya riƙe almakashi ya ga shadda, sai zuciyarsa ta fara raya masa hula. Shi ya sa ranar da 'yarta Nafissa ta gwada rigar sallah, rigar ta tsaya a ƙwauri kamar ta aro, Hajiya ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta yafa mayafi, ta cusa rigar bara a jaka don shaida, ta ja yarinyar suka tare taksi sai kasuwar Wadata.

Nafissa na da ciwon sukari tun tana ƙarama, kuma sallah bayan sallah tsawonta bai motsa ba, har ƙannen ƙawayenta suka wuce ta. Likita ya ce jikin da sukarinsa ke hawa da sauka ba ya samun sukunin girma. Daga nan Hajiya ta zama soja: a soki yatsa, a duba aparai, wato na'urar awon sukari, a yi allura, sannan a ci tuwo. Amma ta daina jingina yarinyar da bango tana auna ta, don zanen gawayin da ba ya motsi ya fi komai ƙona mata rai. Ko wannan karon, da ta kai shadda, cewa kawai ta yi: "Awon bara."

Ousmane tela yana shan shayi ta faɗo masa.

"Fofo, Hajiya, an zo lafiya?"

"Riƙe fofonka, Malam Ousmane. Ina sauran shaddata? Dubi yarinya, kamar za ta shiga kamun kifi a gulbi!"

Ousmane ya yi rantsuwa, ya kira maƙwabtansa shaida. Hajiya ta ɗaga murya har kekunan ɗinkin layin suka tsaya. Tana tsakiyar "Kai dai ɓara..." sai Nafissa ta ja mata mayafi.

"Mama, lokacin awo ya yi."

Nan take faɗa ya tafi hutu. Hajiya ta zauna kan bencin abokin gabarta, ta goge yatsan yarinyar, ta soka, ta ɗiga jini, ta ƙura wa aparai ido. "Alhamdu lillahi, daidai yake." Ta miƙe ta gyara mayafi. "...wo ne!"

Ousmane kuwa idonsa na kan aparai. "Hajiya, wannan abin me yake nunawa?"

"Duk abin da mutum ya ɓoye a jininsa. Kawo yatsanka."

Bawan Allah ya tura hannuwansa biyu cikin hammata. "A yi haƙuri, Hajiya! Hula ɗaya ce na fitar wa ɗana Abdulaye. Amma wallahi daga ragowa ne, ban taɓa tsawon riga ba!"

"Yawwa! Yanzu kowa zai gani da idonsa."

Ta sa Nafissa ta shiga bayan labule ta tuɓe sabuwar rigar. Ta shimfiɗa ta kan tebur, ta ɗora ta bara a kai, kafaɗa da kafaɗa, tana hararar jama'a don su shaida. Ta ja ƙasa. Bakin rigunan ya haɗu cif. Ta juya su, ta sake ja, har ɗinki ya yi ƙara. Babu wadda ta fi wata.

"To in ba ka rage ba, wa ya..."

Maganar ta maƙale. Ta juya ta dubi Nafissa, wadda ta fito a naɗe da wani zanen da aka kawo ɗinki. Ta jawo ta, ta manna ta da jikinta. Kan da ta saba ji a ƙasan ƙirjinta ya kusa taɓa mata kafaɗa. Hajiya ta fashe da kukan farin ciki a tsakiyar shagon, ta rarumi wani yadi tana share hawaye, mai yadin na tsaye yana kallo.

"Hajiya, hular fa?" in ji Ousmane a hankali.

"Abdulaye ya sa ta da lafiya."

"Mama," in ji Nafissa, "to ni me zan sa da sallah?"

"Sabuwar rigar nan ɗin za ki sa, kuma a ƙasa za mu zaga dangi," in ji Hajiya tana jan hanci. "So nake kowa ya ga ƙwaurin nan."