Bishiyar da Ta Ƙi Shan Ruwa

Tun da aka kafa bishiyar Kirsimeti a falo, ruwan bokitin da take ciki bai ragu ba. Tamsin ta tsoma yatsa ta ji shi cike har baki, ta dubi siraran ganyen da suka zube a ƙasa, ranta ya ɓaci.

Ita ta zaɓi bishiyar nan. Tun Nuwamba ta je gonar tsoho Petrakis mai sayar da irin bishiyoyin nan, ta bi layi-layi ƙudaje na binta, ta ɗaura mata jan ƙyalle don kada wani ya riga su. Babansu yana can yamma wurin haƙar ma'adinai, sai jajibirin Kirsimeti zai dawo, kuma abu ɗaya ya roƙa a waya: ya shigo gida ya ji ƙamshin ɗanyar bishiya. Yayanta Lachlan aka aika ya saro ta.

"Yaya Lachie, da ka sare ta ina ka biya?"

Yana kwance gaban fanka, ba riga, don a ƙasarsu Disamba lokacin tsananin zafi ne, yana kallon wasan kurket. "Gida mana."

"Ƙarya kake! Dubi hancinka, rana ta ƙone shi har saɓa yake."

"To, na ɗan tsaya bakin teku. Laifi ne?"

"Bishiyar na ɗaure a kan mota, cikin zafin ranar Disamba? Ƙaro ya toshe gindin, shi ya sa ba ta sha! Petrakis bai ce ka sake yanke gindin ba?"

"Ya dai ce wani abu. Ke uwar karatu, zuba mata lemo, an ce tana so."

"Kai za a zuba wa, a tsakar ka!"

Ta kashe talabijin ɗin. Ta kwance kayan adon bishiyar ɗaya bayan ɗaya tana huci, ta sa shi ya kwantar da bishiyar ya riƙe. Ba ta taɓa kama zarto ba. Yankan ya tafi a karkace, tafin hannunta ya yi bororo, amma ba ta tsaya ba sai da farin itace ya bayyana, ɗanye, yana ƙamshi.

Suka mayar da ita cikin bokitin. Washegari ruwan ya ragu sosai. Rassan ƙasa kam sun riga sun mutu, ta datse su ta watsa a kwandon sharar lambu.

Ranar jajibiri Baba ya tsaya bakin ƙofa da jakarsa, ya lumshe ido, ya shaƙi iska.

"Ƙamshin ke nan," ya ce. "Amma bana gajera kuka samo."

Tamsin ta harari Lachlan. Ya tashi ya tafi ɗebo ruwa.