Waɗanda Ba a Samu Ba

Warin fenti ne ya tare ni tun daga bakin ƙofar ɗakin masu sankara a safiyar Litinin ɗin nan. Shekara tara ina aiki a sashen ban taɓa ganin an taɓa bangon ba, sai ga mutum huɗu a kan tsani suna ta shafe-shafe, marasa lafiya na kwance a ƙarƙashinsu suna tari. Ko gadajen ba a ja ba. Fenti ya ɗiga a zanen tsohuwar da ke gado na biyu, mai fentin ya leƙo, ya sa babban yatsa ya murje shi, ya ci gaba da aikinsa. Warin ruɓaɓɓen miki da muka saba da shi bai je ko'ina ba, haɗuwa kawai ya yi da na fenti suka zama wani abu mai tayar da zuciya.

Ni ce mai rajistar sashen. Duk wanda ya shigo da wannan ciwo ni ke rubuta sunansa, ni kuma ke rubuta yadda ya fita. A gado na bakwai kuwa, kusa da taga, yayata ce kwance. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da keken ɗinkinta ta riƙe ni har na gama makaranta. Sankarar mama ce ta kama ta, ta cinye gefe ɗaya, ta gangara ƙashin baya. Injin gashin sankara, mai ƙona ciwon da haske, wanda aka ce zai taimaka mata, ya yi wata goma sha ɗaya a lalace. Abin da ya rage mata shi ne allurar kashe raɗaɗi sau huɗu a rana, kuma dokar asibitin ta ce ba a yi wa kowa ita sai wanda ke kan gado.

"Auta, biki za ku yi ne ba ku gaya mana ba?" Yaya ta tambaye ni tana toshe hanci da gefen ɗankwali.

"Baƙi za mu yi, Yaya. Shirin nan na ƙasa na yaƙi da sankara ne ya cika shekara biyar, za a zo a auna ko ya yi amfani."

"To su zo su auna ni mana. Ai na fi kowa sauƙin awo, da hannu ɗaya ma sa ɗaga ni."

Ta yi dariya, dariyar ta taɓa mata baya, ta damƙi ƙarfen gado har sai da ta lafa.

* * *

Da hantsi jami'in ƙididdiga na asibitin ya aiko kirana. Mai Jadawali muke ce masa a bayan idonsa, domin ko gaisuwa ka yi masa sai ka ga kamar yana neman layin da zai sa ka. Mutum ne mai tsafta, farcensa kullum a yanke, ofishinsa na ƙamshin turaren feshi. Ban taɓa ganin ƙafarsa a ɗakin marasa lafiya ba.

Shi ya tsara mana rajistar da nake cikawa. Layi uku ne a cikinta: waɗanda aka sallama, waɗanda suka rasu, da waɗanda ba a samu ba. Ba a rubuta mutum a layin rasuwa sai da takardar shaida daga likitan asibitinmu, wato sai in a kan gadonmu ya cika. Wanda ya koma gida kuwa, bayan wata uku sai in kira lambarsa sau uku, a ranaku uku daban-daban. In ban ji muryarsa shi da kansa ba, sai ya tafi layi na uku. Sau nawa na kira, matar mutum ta ɗauka tana kuka ta ce min an binne shi tun watan jiya? Mai Jadawali ya ce wannan ji-ta-ji-ta ce, ƙididdiga ba ta aiki da kuka. Da haka mace-macen sashenmu suka yi ta raguwa shekara bayan shekara, har aka fara yabonmu a taruka.

Ya miƙo min takarda. Sunaye tara ne, duk na waɗanda jikinsu ya fi tsanani. Na shida sunan Yaya ne.

"Yau za a sallame su," in ji shi. "Baƙi na isowa gobe. Ba zai yi kyau wani ya cika a gabansu ba."

"Ranka ya daɗe, ta gado na bakwai yayata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Na sani mana. Allah ya ba ta lafiya."

"In ta bar gadon nan babu allura. Ka san yadda take yi in an yi jinkirin rabin awa kuwa?"

Ya gyara zaman biron da ke gabansa, ya daidaita shi da gefen tebur. "Malama, kwana huɗu ne fa. Alhamis da yamma suna tafiya, Juma'a da safe gadonta na nan, ni na yi miki alkawari. Har sunanta zan sa a farko ranar da injin ya tashi." Ya ɗago ya dube ni. "Sai dai fa in an samu tangarɗa a rahoton. Kin san in abu ya lalace, ba ni da bakin roƙa wa kowa gado. Ke ce mai rajista, ke za su fi yi wa tambaya."

Na gane abin da yake nufi, shi ma ya san na gane. Na fito ina jin kamar na taka ƙazanta da ƙafa ba takalmi.

* * *

Sallamar ma ba a yi ta a ɓoye ba. Mai hoto aka kira. Aka raba wa matan sababbin ɗankwalaye ruwan hoda masu tambarin shirin, aka ba kowa ledar ƙwayoyin ciwon kai irin waɗanda ake sayarwa a kowane shago. Babbar nas, baiwar Allah da ta tsufa a sashen, ta yi wa Yaya allurar ƙarshe ba ta ko iya haɗa ido da ni ba.

"'Yar murmushi, Hajiya," in ji mai hoton. "Gida za ki fa!"

Yaya ta yi masa murmushi. Allurar ta fara aiki, fuskarta ta saki, wushiryarta ta fito kamar ta shekarun baya. Sai da ya ɗauka sau uku, yana cewa wannan ce ta fi kowacce kyau.

Mijinta, direban babbar mota ne mai ƙarancin magana, ya sungume ta kamar jaririya zuwa bakin titi. Da muka sa ta a mota ta riƙo hannuna.

"Kar ki ɓata da su saboda ni, Auta. Kwana huɗu ai kamar yau ne. Dama na yi kewar ɗakina."

Allurar ta sake ta tun kafin la'asar. Washegari da asuba na biya gidan kafin in wuce aiki, tun daga zaure nake jin ta. Ba kuka ba ne, wani gurnani ne da ban san yana fita daga bakin mutum ba. Ta cusa sabon ɗankwalin nan a baki tana cizo don kada maƙwabta su ji, ya jiƙe sharkaf da yawu da jini. Mikin ya ɓulo ta bandejin, ƙudaje sun same shi. Mijinta na durƙushe a gefen katifa da ledar ƙwayoyin a hannu, ya ba ta biyu, ya ba ta huɗu, ya rasa abin da zai ƙara yi.

"Saura kwana nawa?" ta tambaye ni da ta samu numfashi.

"Uku, Yaya. Juma'a da safe."

"To," ta ce, ta mayar da ɗankwalin baki.

* * *

Baƙin su biyar ne, da jakunkuna da ruwan gora. Aka zaga da su ɗakin da ya sha fenti. Gadaje tara a gyare da fararen zannuwan da ban san asibitin na da su ba, sauran marasa lafiyar duk masu iya zama ne su amsa gaisuwa. Ɗakin injin gashi kuwa an kulle, an manna takarda cewa ana yi masa gyaran shekara-shekara.

Ran Laraba suka zo kan rajista. Shugabarsu wata dattijuwar likita ce mai tabarau a kan hanci, ba ta da alamar wasa. Ta ja kujera kusa da ni, ta bi layukan da yatsa, shafi bayan shafi. Mai Jadawali na tsaye a bayanta, hannuwansa a haɗe.

"Mace-mace sun ragu da kusan rabi," in ji ta. "Madalla. Amma wannan layin na uku fa? Cikin kowane mutum goma, huɗu ba a same su ba. Ina suka shiga?"

"Halin mutanenmu ne, ranki ya daɗe," Mai Jadawali ya amsa da sauri. "Da sun ji dama-dama sai su canza layin waya, wasu su koma ƙauye, wasu su bi masu maganin gargajiya."

"Ba kai na tambaya ba." Ta juyo gare ni, ta sauke tabarau. "Ke ce ke kiran su, 'yata. Haka abin yake?"

Wallahi amsar na bakina. Ina da sunayensu a kai: mai gyaran agogon da ɗansa ya ce min sun dawo daga maƙabarta ke nan, malamar makarantar da mahaifiyarta ta yi ta sa min albarka don na tuna da su. Da na buɗe baki, da na kai matar nan gidan Yaya a cikin kwatan awa ta ga abin da shirin ya auna. Amma abin da nake ji a kunnena gurnanin nan ne, abin da nake gani kuma gado na bakwai ne da safiyar Juma'a.

"Haka ne, ranki ya daɗe," na ce. "Ba sa ɗauka."

 Sannan ta mayar da tabarau, ta yi alama a takardarta, ta nemi a nuna mata ɗakin magani. Mai Jadawali ya bi bayanta, da zai fita ya ɗaga min babban yatsa. 

* * *

Yaya ta cika ran Alhamis bayan azahar, daidai lokacin da ake ɗaukar hoton bankwana da baƙi a ƙofar asibiti. Ni na yi mata wanka da hannuna. Sai da na sa yatsa na zaro zaren ɗankwalin daga tsakanin haƙoranta.

Juma'a da safe, muna zaman makoki, saƙo ya shigo wayata daga Mai Jadawali: gado na bakwai ya samu, a kawo ta. Mutumin ya cika alkawari. Da ya ji labari har gida ya zo, ya zauna a bakin tabarma yana tattare rigarsa, ya yi addu'a mai tsawo. Cikin tara ɗin da aka sallama, uku ne suka koma gadajensu.

Bayan wata uku rahoton ya fito, mai sheƙi, mai nauyi. An yaba wa sashenmu, an ce sauran asibitoci su yi koyi da tsarin rajistarmu. Injin gashi kuwa, tunda alƙaluma sun nuna muna samun nasara ko ba shi, an mayar da gyaransa zango na gaba. A bangon rahoton Yaya ce, da ɗankwali ruwan hoda da wushiryarta, an rubuta a ƙasa: Ta koma gida cikin iyalinta. An buga hoton da girma an kafa a ƙofar sashen, kullum sai na wuce ta gabansa sau biyu.

A makon ne sunanta ya fito cikin jerin waɗanda zan kira. Na ɗauki fayil ɗin na shiga ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, wannan ta rasu. A sa ta a layi na biyu."

"Allah ya jiƙanta. Akwai takarda?"

"Kai fa ka zo ta'aziyya. Ni na wanke ta."

"Malama, ni ban musa ba. Amma in na karɓi naki ba takarda, gobe kowa sai ya zo da nasa. Ki bi ƙa'ida kawai, kira uku ne." Ya tura min fayil ɗin da ɗan yatsa, ya jawo kwalbar turarensa.

Wayar Yaya na wurina tun ranar da ta rasu, 'yar ƙarama mai fasasshen gilashi da ta ɗaure da roba. Ban san dalili ba, amma ban taɓa barin cajinta ya ƙare ba. Ran Litinin na ɗaga wayar ofis na buga lambar, ran Talata na sake.

Ran Laraba na buga na uku. Jakata da ke rataye a jikin kujera ta fara ruri, irin ƙarar nan da Yaya ke ƙurewa don ta ji ta a kan ƙarar keken ɗinki. Na zauna da kan waya a kunne ina sauraron ta ta gefe biyu, har ta gaji ta katse. Na buɗe rajista, na gangara layi na uku, na rubuta sunanta da kyakkyawan rubutun da ita ta koya min.

Sannan na ciro wayar daga jaka don in rage mata ƙara. A kan fasasshen gilashin an rubuta kira uku da ba a amsa ba, a ƙarƙashi kuma sunan da ta ajiye lambar da shi: Wajen aikin Auta.